Jiki Ba Ya Mantuwa: Ƙarfinki Zai Dawo Bayan Dogon Hutu



Akwai tambayar da ta daɗe tana zuwar mini, a asibiti da kuma a wannan fili. Mace ce ta ɗauki watanni tana motsa jiki, tana tattaki bayan asuba ko tana bin bidiyo a waya cikin ɗakinta, har ta fara jin daɗin jikinta. Sai ciki ya shiga, ko rashin lafiya, ko jinyar mahaifiya, ko kuma hidimar gida kawai ta sha kanta. Bayan wata shida ko shekara ta gwada komawa, sai ta ji kamar ba ita ba. Nan za ta ce mini, Sista, wahalar da na sha ta tafi a banza ke nan? In haka ne, me zai sa in sake farawa, tunda wani cikin zai zo ya rushe komai?

'Yar'uwa, ba ta tafi a banza ba. Jikin da ya taɓa yin ƙarfi yana dawowa da sauri fiye da yadda ya samu ƙarfin da farko. Yau zan bayyana dalilin haka, sannan in nuna miki tarkon da ke cikin wannan labari mai daɗi, domin ni kaina na faɗa cikinsa.

Ranar da jarka ta gagare ni

Kafin haihuwata ta biyu na yi kusan shekara biyu ina motsa jiki sau uku a mako. Aikinmu ne ya tilasta ni, domin juya mara lafiya a gado da ɗaga shi zuwa keken marasa lafiya ba aikin mai sanyin baya ba ne. Sai haihuwar ta zo da tiyata. Bayan wata huɗu, wata safiya ba ruwa a famfo, na sunkuya zan ɗauki jarka mai lita 25 daga ƙofar gida zuwa madafa, abin da a da nake yi ina hira. Jarkar ko motsi ba ta yi ba. Na zauna a dakali ina kallonta, hawaye na zuba, ina jin kamar an sace mini wani abu da na sha wuya kafin in mallaka.

Washegari na yi abin da nake hana marasa lafiya yi. Na ɗauko tsarin motsa jikina na da, na yi shi gaba ɗaya a rana guda, don in nuna wa kaina cewa ina nan. Kwana biyar ina sallah a zaune, bayana ya riƙe, goyo ma sai ƙanwata ce ke yi mini. Da na warware na sake farawa daga ƙasa, da rabin abin da na saba ko ƙasa da haka. Cikin kamar wata biyu na koma inda na tsaya, wurin da a karon farko sai da na fi shekara kafin in kai.

Tunawa iri biyu ce

Ta farko tana cikin ƙwaƙwalwa. Macen da ta iya daka tun tana yarinya, ko ta shekara goma a birni tana amfani da inji, ranar da ta je ƙauye aka miƙa mata taɓarya ba sai an koya mata ba. Haka tuƙin tuwo, haka cilla yaro a baya a ɗaure zani, haka tuƙa keke. Ƙwaƙwalwa, musamman wani sashe nata da ke wajen ƙeya, ita ke adana tsarin motsi: wace tsoka za ta fara, wacce za ta biyo baya, da wane ƙarfi. Shi ya sa a makonnin farko na motsa jiki mutum ke jin ƙarfinsa ya ƙaru alhali tsokarsa ba ta girma ba tukuna. Ƙwaƙwalwa ce ta koyi yadda za ta sa tsokar aiki sosai, kuma wannan ilimi yana daɗewa bai goge ba.

Ta biyu tana cikin tsokar kanta. In kin taɓa yagar dafaffen nama kin ga yana rabuwa zare-zare. Tsoka haɗuwar zaruruwa ce sirara ƙwarai, kowane ɗaya ƙwayar halitta ce doguwa. Yawancin nau'o'in ƙwayoyin halittar jikinmu cibiya ɗaya gare su, wadda ke ba da umarnin duk abin da za a ƙera a ciki. Zaren tsoka kuwa, saboda tsawonsa, cibiyoyi da yawa gare shi, har ɗaruruwa. Idan kina sa tsoka aiki mai nauyi, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke maƙale a gefen zaren sukan shige cikinsa su ƙara masa cibiyoyi, don ya iya girma.

A da an ɗauka cewa idan tsoka ta rame, ƙarin cibiyoyin nan ma mutuwa suke. A shekarar 2010, Farfesa Kristian Gundersen da abokan aikinsa a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway suka bi diddigin lamarin a jikin ɓeraye. Suka ga cibiyoyin suna ƙaruwa tun kafin tsokar ta fara girma, kuma ko bayan an hana tsokar aiki har wata uku ta rame sosai, cibiyoyin suna nan. Wata uku kuwa a rayuwar ɓera ba ƙaramin lokaci ba ne, tunda shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya.

Ki kwatanta shi da gidan biki. An kafa murhu goma a tsakar gida don dafa abincin taro. Biki ya watse, wuta ta mutu, amma duwatsun murhun suna nan inda aka girke su. Ranar da wani taron ya taso ba sai an fita neman duwatsu ba, itace kawai za a kawo a hura wuta.

Masana suna ci gaba da muhawara kan ko cibiyoyin suna daɗewa a jikin mutum kamar yadda suka yi a jikin ɓera. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2018 ya gano wata hanyar ta daban: motsa jiki yana barin alamomi a kan sinadarin gado da ke cikin tsoka, wato DNA, kuma wasu alamomin suna nan bayan mako bakwai na hutu. Ko ma ta wace hanya ce, abin da ya shafe mu shi ne sakamakon, kuma shi an gan shi a jikin mutane.

Abin da aka gani a jikin mata

Binciken da ya fi burge ni a kan mata aka yi shi. A 1991, Robert Staron da abokan aikinsa a Jami'ar Ohio ta Amurka suka wallafa sakamakon bibiyar wasu mata shida. Sun yi mako 20 suna ɗaga nauyi da ƙafafunsu, suka daina na mako 30 zuwa 32, wato kimanin wata bakwai, sannan suka koma. Ƙarfinsu ya ragu a lokacin hutun, amma bai faɗi zuwa inda yake kafin su taɓa farawa ba. Da suka koma, mako shida kacal ya mayar da su inda suka tsaya. Aikin mako ashirin ya dawo cikin mako shida.

A 2024 masu bincike a ƙasar Finlan suka raba maza da mata da ba su saba ɗaga nauyi ba gida biyu. Rukuni ɗaya ya yi mako 20 a jere. Ɗayan ya yi mako 10, ya huta mako 10, ya sake yin mako 10. Waɗanda suka huta, mako biyar da komawarsu suka kamo inda suka bari, kuma a ƙarshe rukunonin biyu suka tashi kusan daidai. An kuma lura cewa a lokacin hutun girman tsoka ya fi saurin raguwa a kan ƙarfinta.

To, mai fargabar cewa azumin kwana 29 ko 30 zai shafe mata komai, ko tafiya biki ta mako biyu, ta kwantar da hankalinta. Abin da ke fara tafiya shi ne jimirin numfashi. Cikin mako biyu zuwa uku za ki ji kina haki a matakalar da a da ba kya ji. Ƙarfin tsoka ya fi shi daɗewa.

Sai dai daina motsa jiki daban, kwanciya a gado daban. Mace mai shara da wanki da goyo, tsokarta tana aiki ko ba ta sani ba. Mai kwanciyar jinya ita ce ke asara da sauri. Wani bincike na 2007 a Amurka ya kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Shi ya sa a asibiti muke takura wa wadda aka yi wa tiyata ta tashi ta taka tun washegari, tana hararar mu. Ba mugunta ba ce.

Ga inda tarkon yake

Ƙwaƙwalwarki ta tuna yadda ake yi. Tsokarki tana shirye ta farfaɗo. Amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige, da waɗanda ke riƙe gwiwa da ƙugu da baya, ba su da wannan saurin. Jini kaɗan ke isa gare su, don haka a hankali suke ƙarfi, a hankali suke warkewa. Zuciya tana cewa na iya, hannu ya san hanya, sai a ɗora wa gaɓa nauyin da ba ta shirya ɗauka ba. Abin da ya same ni ke nan.

Ga maijego abin ya ninka. A lokacin ciki jiki yana sassauta jijiyoyin gaɓoɓi don a samu hanyar haihuwa, kuma sassaucin yakan ɗauki watanni bayan haihuwa kafin ya koma. Tsokokin ciki sun miƙe wata tara. Tsokokin ƙasan mara, waɗanda ke tallafe mafitsara da mahaifa, sun sha nauyi ko da ta tiyata aka haihu. Cika arba'in ba ya nufin duk waɗannan sun koma daidai.

Ki fara duba waɗannan in kin haihu

Na ɗaya, ki je asibiti duba na bayan mako shida, wanda yawancinmu muke tsallakewa da zarar an sha suna. Ki ce a gwada jininki da hawan jini. Sau da yawa kasalar da mace ke ɗora wa lalaci ƙarancin jini ne, kuma motsa jiki ba ya maganinsa. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita kafin ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi.

Na biyu, rabuwar tsokar ciki. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ɗan ɗaga kai, ki danna yatsunki sama da cibiya. In kin ji rami tsakanin tsokoki biyu da ya wuce faɗin yatsu biyu bayan wata biyu da haihuwa, ko kika ga tsakiyar cikin yana tasowa kamar tudu idan kin yunƙura, ki guji atisayen nan na kwanciya ana tashi zaune. Ki nemi a tura ki wurin likitan fisiyo.

Na uku, ƙasan mara. In fitsari na kuɓuce miki idan kin yi tari ko atishawa ko dariya, daga nan za ki fara. Ki matse kamar mai riƙe fitsari da iska a lokaci ɗaya, ki ƙirga biyar kina numfashi, ki saki, ki ƙirga biyar. Sau goma, sau uku a rana. Kina iya yi kina shayarwa, ba wanda zai sani. Kada ki mai da shi al'ada a lokacin da kike fitsari. Gudu da tsalle kuwa, masana fisiyo da dama na ba da shawarar a jira aƙalla wata uku bayan haihuwa.

Tsarin komawa

Ƙa'idata ɗaya ce: ki fara da rabin abin da kike yi a da, ki tashi kina jin da sauran ƙarfinki. Wadda ta shekara ba ta yi ba, ko ta tashi daga jinya, ta fara da ƙasa da rabi.

Ba kya buƙatar kayan aiki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta ishe ki a farko.

Mako na ɗaya da na biyu: tattaki na minti 10 zuwa 15, ko da zagayen tsakar gida ne. Kwana biyu a mako, ba a jere ba, ki ƙara da waɗannan, kowanne sau takwas zuwa goma:

- Zama a kujera da tashi ba tare da dafa gwiwa ba.
- Dafa bango da hannu biyu, ki kai ƙirji kusa da shi, ki tura kanki baya.
- Kwanciya rigingine da gwiwoyi a tanƙware, ki ɗaga ƙugu sama ki sauke a hankali.
- Tsayuwa kina ɗaga diddige, kina riƙe da bayan kujera.
- Ɗaga robar ruwa daga kafaɗa zuwa sama.

Mako na uku da na huɗu: ki yi zagaye biyu na kowanne, tattaki ya kai minti 20.

Mako na biyar zuwa na takwas: zagaye uku, ki riƙe robobin ruwa yayin zama da tashi, tattaki ya kai minti 30. A nan ne yawanci mace ke mamakin kanta.

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nauyi ko yawa, ba duka biyun ba. Inda aka dosa shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020: aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wanda za ki iya magana a cikinsa amma kina ɗan haki, da kwana biyu ko fiye na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ke nan, kuma ana iya gutsuttsura shi, goma da safe, goma da la'asar, goma bayan isha'i.

Kada sikeli ya zama alƙalinki. Ki auna kanki da rayuwarki. Kina tashi daga sujada ba tare da dafa ƙasa sau biyu ba? Kina kai goyo kasuwa ki dawo bayanki bai riƙe ba? Bokitin wanki ya rage nauyi?

Ci da barci

Murhu ba ya ci sai da itace. Tsoka tana buƙatar abinci mai gina jiki, kuma ba lallai sai nama ba. Wake, alale, ƙosai, awara, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, busasshen kifi, duk suna yi. Ki sa ɗaya daga ciki a kowane cin abinci, ba da dare kaɗai ba. Mai shayarwa kada ta haɗa motsa jiki da horon yunwa. Motsi matsakaici ba ya rage ruwan nono, sai dai ki shayar kafin ki fara don ki ji sauƙi, ki kuma sha ruwa sosai.

Ina roƙonku da Allah ku nisanci ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu kitse da ruwa suke tarawa a fuska da ciki, su kuma cinye tsokar cinya da ta damtse, ga hawan jini da ciwon suga da suke jawowa. Mace ta ga ta cika ido, alhali ƙarfinta raguwa yake.

Barci kuwa, na san mai jariri za ta yi dariya. Amma ranar da kika kwana tsaye, ki rage atisayen ko ki bar shi. Yini ɗaya ba zai rushe komai ba, yanzu kin san dalili.

Alamomin da za ki tsaya

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan motsi ya wuce da kansa, wannan ba komai. Amma ki dakata ki nemi asibiti idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Ciwo mai suka a gaɓa ko a wurin ɗinki.
- Jinin biƙi ya ƙaru ko ya koma ja wur bayan ya fara ɗaukewa.
- Jin nauyi a gaba kamar wani abu zai sauko.
- Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman sha-raɓa.
- Fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri bayan atisaye mai tsanani.
- Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ba ki saba ba.

Ɗaya zan ja wa layi. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya, kuma likitoci a Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970. Maijegon da ke haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ƙafafunta biyu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasan kai, ko take farkawa da dare numfashi na neman ɗaukewa, wannan ba rashin motsa jiki ba ne, kuma ba a jira da shi. A kai ta asibiti a ranar.

Ajiya ce ta gaba

Daga shekara 30 zuwa sama tsokar mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. A ɗakin mata nakan ga tsofaffi biyu masu ciwo iri ɗaya. Wadda ta yi rayuwar daka da ɗiban ruwa da tafiya gona ta miƙe cikin kwanaki, wadda ta daɗe a zaune kuwa sai an yi da gaske kafin ta iya kai kanta banɗaki. Abubuwa da yawa ne ke raba su, amma ƙarfin da kowace ta shigo da shi yana cikin manya. In kuna da tsohuwa a gida da ta tashi daga jinya, kada tausayi ya sa ku hana ta motsi. Ku riƙe hannunta ta zauna ta tashi sau biyar, ta zaga tsakar gida.

Rayuwar uwa ba ta tafiya a miƙe. Ciki zai zo, yaro zai yi zazzaɓi, baƙi za su cika gida, za ki tsaya. Ki tsaya ɗin, ba laifi. Wata uku da kika samu tsakanin yaye da wani cikin ba asara ba ne, ajiya ce da za ki tarar. Sannu ba ta hana zuwa.

Jarkar nan tana nan a bayan ƙofar madafa. Yanzu ina ɗaukarta, amma sai na durƙusa da gwiwa, na matso da ita jikina, bayana a miƙe.

Ku faɗa mini a ƙasa, wata nawa kuka yi da dainawa, kuma me ya tsayar da ku? Zan zaɓi wasu tambayoyin in amsa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuri'a.